Sau Uku Na Faɗi, Ɗaya Kika Gani

Gwandu, ranar Alhamis

Zuwa ga 'yar Dodoru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki da kyau, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ko da yake tsakanin ɗakina da naki bai fi taki goma ba, kuma da safen nan ina jin ki kina shara. Allah ya tsare ki a zaune da a tafe, ya tsare miki mutuncinki da imaninki, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki.

Kada ki yi mamakin samun wasiƙa daga wadda kuke kwana gida ɗaya. Ke ce 'yar fari, ni kuma haka aka rene ni: ba na kiran sunanki, ba na zama in yi doguwar hira da ke, ko ido ba mu cika haɗawa ba. Tun da aka yaye ki kakarki ta ɗauke ki zuwa Dodoru, ba ki dawo gidan nan ba sai bayan rasuwar mahaifinki, Allah ya jiƙansa. Har yau Adda kike ce mini, yadda ƙanwata Hassi take faɗa. To abin da baki ya kasa, bari hannu ya gwada. Ki yi haƙuri da rubutun, na 'yar aji shida ne.

Jiya Innarki Hassi ta shigo ta tarar da ni ina tsintar wake. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, “Adda, kin ko san ɗiyag ga ta kwance kayanta? Ta ce ba ta zuwa Kalgo. Wai wa za ta bar ma ke, kina hwaɗuwa?”

Na ce, “Ita ta hwaɗa miki da bakinta?”

Ta ce, “Awo. Ta ce karatu ba ya ƙarewa, uwa kuwa guda ta.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Sau uku kina rubuta jarrabawar shiga jami'a. Ƙannenki biyu sun yi aure sun bar ki a gida, kin sha maganar mutanen unguwa kin haɗiye. Yanzu sunanki ya fito a jami'ar da ke Kalgo, an ce ranar Litinin ake rufe rajista, wanda bai je ba a ba wani gurbinsa, sai ki ce kin fasa saboda ni? Ban yarda ba. Sai dai na san faɗa ba zai saka ki mota ba, don taurin kan nan a wurina kika gaje shi. Saboda haka zan gaya miki gaskiyar ciwon nan tun daga farko, da wautar da na tafka a cikinsa, ki auna da hankalinki.

Kin san sana'ata. Tun ina budurwa nake turara shinkafa. Ganga biyu a kan murhu, itace da buntu a ƙasa, a cikin rumfar da mahaifinki ya kewaye mini da langa-langa don kada iska ta riƙa cinye wuta. Na so rumfar nan, har alfahari nake yi wa mata da ita. Shekara ashirin da wani abu ina shaƙar hayaƙin da ba shi da hanyar fita. Tari ya fara, na ce mura ce. Ya shekara, na ce sanyi ne. Na fara tsayawa hutu tsakanin gida da bakin kasuwa, na ce girma ne, alhali ko hamsin ban kai ba. Da aka kai ni asibiti a Birnin Kebbi, aka sa na hura wani bututu har idona ya yi ja, likita ya ce hanyoyin iska na huhuna sun ƙuntace, ba ya warkewa sai dai a lallaɓa shi. Ya rubuta mini maganin shaƙa, ya ce in rabu da hayaƙi, na ba da gangunan. Wannan duk kin sani, ke kika raka ni.

Abin da ba ki sani ba shi ne kafin ranar nan na riga na faɗi sau biyu.

Ta farko a rumfa ce, wata biyar kafin mu je asibiti. Kina Islamiyya wurin koyar da yara. Na sunkuya na ɗauki daron shinkafa jiƙaƙƙiya, ina miƙewa tari ya turnuƙe ni, irin wanda ba ya barin mutum ya ja numfashi. Na ga rumfa tana juyawa, ƙafafuna kamar ba nawa ba, sai ga ni zaune daɓas a ƙasa, daro ya kife, saura kaɗan gwiwar hannuna ta shiga murhu. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, “Subhanallahi, mi ya hwaru?” Na ce santsi ne, ruwan jiƙo ya zube. Na tashi na zage ƙasa tas, har na sa aka kawo yashi aka zuba a wurin. Ƙasar Allah kuwa ba ta yi mini komai ba, a bushe take ƙamas.

Ki kiyayi wannan hali nawa. In abu ya same ki a can, kada ki yi saurin neman wanda za ki ɗora wa tun ba ki duba kanki ba. In kin faɗi wata jarrabawa, ki karɓi takardarki ki ga inda kika kauce kafin ki ce malami ne ya tsane ki. Ni da na tsaya ranar nan na tambayi kaina me ya kawo jiri, da tun lokacin aka fara gyara. Yashin yana nan har yau, kaji ke wanka a ciki.

Ta biyu a kan sallaya ta same ni, a sallar la'asar. Na ɗago daga sujada zan miƙe raka'a ta uku, da sauri yadda na saba, sai ido ya rufe. Goshina ya sami ƙarfen gado. Kin ga kumburin, kika tambayi Hassi don ba ki iya tambayata, ta ce miki ƙyauren ɗaki ne. Ni na ce ta faɗa miki haka. Kuma ba jahilci ba ne, na san hukuncin sarai. An karantar da mu cewa wanda tsayuwa ta gagara ya yi salla a zaune, ladansa yana nan. Amma ina ganin tsofaffin da suka girme ni da shekara ashirin suna tsayawa ƙyam a sahu, sai in ce ni ce zan jawo kujera? A ce wance ta tsufa? Ni a zatona ƙwazon ibada nake yi. Da na zauna na tuhumi kaina, sai na ga fiye da rabinsa ganin ido ne.

Ke ma wannan zai zo miki, ta wata fuskar. Za ki tarar da yaran da kika girma da shekara shida ko bakwai a aji ɗaya da ke, bakinsu ya fi naki saurin Turanci. In ba ki gane abu ba, ki tambaya, ko da wadda za ta nuna miki sa'ar autarmu ce. In zama a gaba ne zai sa ki ji, ki zauna a gaba, a ce miki Hajiya a yi dariya. Sauƙin da Allah ya yi wa bawa, ba a ƙinsa don idon mutane.

Yanzu ki tuna ranar asibitin nan. Bayan likita ya gama, wata nas ta zaunar da ni da takarda a hannu tana tambayoyi, ke kina tsaye a bayana riƙe da jakata. Ta ce, “Mama, a cikin shekarar nan kin taɓa faɗuwa? Ko tangaɗi, ko jiri idan kin miƙe?”

Na ce, “Ko sau guda. Ƙirji ɗai ka damuna, ƙahwata lahiya lau.”

Ta kalli tabon goshina ta sake tambaya. Na ce ƙyaure ne. Ta rubuta abin da na faɗa, tun da ba duba take yi ba. Dalilina biyu. Na ɗaya, a raina cewa nake ina ruwan ƙirji da ƙafa, yarinyar nan tana cika takarda ne kawai. Na biyu, kina tsaye kina ji, ba zan iya cewa ina faɗuwa kamar ɗan tatata a gaban 'yar fari ba. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na je har bakin ruwa na ɓoye nawa. Daga baya na sami labarin cewa da na ce e, a ranar za a tura ni sashen gashin ƙashi, inda ake koyar da motsa jiki, a auna tsayuwata da tafiyata, a koya mini abin da zan yi. Ƙaryar nan ita ta ci mini hannu.

To ki ji da kyau. “Lafiya lau” ta gaisuwa ce, ba a kai ta gaban likita. In kin yi rashin lafiya a Kalgo, ki je asibitin makaranta ki faɗi komai, har abin da kike ganin bai shafi ciwon ba, su suka san abin da ya shafa. Kuma tun da maganar ta zo, kada ki kunna gawayi ko risho a ɗaki ƙofa a rufe, ko da abokan zamanki sun ce iska na kashe wuta. Tarin da ya wuce sati biyu kada ki kira shi mura.

Ta uku ita ce kika gani, ranar sunan jikar maƙwabciyarmu. Zan faɗa miki yadda ta kasance daga wajena, don na ji yadda kike ba da labarin daga wajenki, kuma ba daidai ba ne. Gidan sunan da ɗan nisa, mun tako a rana, numfashina ya riga ya yi sama tun kafin mu kai. Zauren gidan yana da dokin ƙofa mai tsawo saboda ruwan damina. Mata sun cika soro. Wata tsohuwa ta hango mu ta ce, “A'aha! Yau ɗiyar hwari ta ka rakiya?” Aka yi dariya. Ke kin riga kin tsallaka, kika juyo kika ga ina layi, kika miƙo hannu kika ce, “Adda, kama.” Na ga hannun. Na kuma san ina bukatarsa. Amma idanun matan nan suna kaina, sai na ce, “Wuce, ni ban tsuhwa ba.” Na ɗaga ƙafa, tari ya zo, na tafi gaba ɗaya a kan hannun hagu. Da kunnena na ji ƙarar ƙashin.

Hassi ta ce kin yi kwana uku kina kuka kina cewa da kin sani kin cafke ni da ƙarfi. Ki sauke wannan kayan, ba naki ba ne. Hannunki a miƙe yake, ni na ƙi shi. Laifin nawa ne ni kaɗai, kuma kunyarsa ta fi mini ciwo a kan kunyar da ta sa na ƙi. Ban ce ki yar da kunya ba, gadonmu ce, kuma ina jin daɗi in an ce 'yar wance akwai kawaici. Amma ranar da kika ji kina tangaɗi, a karatu ne, a lafiya ne, ko wani ne ya matsa miki da abin da ba ki so, wanda ya miƙo miki hannun gaskiya ki kama, ko duk Kalgo na kallo.

Sauran maganar ita ce mai nauyi, kuma ita ce dalilin wasiƙar nan. Na yi ta juya biro kafin in fara ta.

Bayan an yi mini ɗori, tsoro ya shige ni. Ko inuwar dokin ƙofa na gani sai gabana ya faɗi. Na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya na zauna, ke kuma kika ɗauke komai. Ki kawo buta, ki kawo abinci, ki ɗauke kwano, ki raka ni har bakin makewayi ki tsaya. Ki shafa mini man zafi a ƙafa. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Shekara ashirin da biyar da haihuwarki ban taɓa samun ki kusa da ni haka ba. Al'ada ta hana ni in kira ki, ciwo ya kawo mini ke har gefen tabarma. Wata biyu ina zaune. Ranar da na so tashi daga kujera 'yar tsuguno na kasa sai da na ja jikin bishiya, a ranar na san ƙafafun sun bushe. Numfashin ma da nake zaton hutu zai gyara shi, ƙaruwa ya yi, daga tabarma zuwa ɗaki sai in yi haki. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.

Da lokacin kwance ɗori ya yi, kin tafi neman takardunki na makaranta, Hassi ce ta raka ni asibiti. Daga nan aka tura mu sashen gashi. Likitar wurin yarinya ce, ba ta girme ki sosai ba, doguwa mai sanyin magana. Ta buɗe baki za ta tambaye ni ko na taɓa faɗuwa kafin wannan, Hassi ta riga ni: “Likita, kak ki biye mata. Sau ukku ta hwaɗi, ni na sani.” Na harare ta, ta kau da kai. Da 'yar'uwa irin Hassi mutum ba ya bukatar ɗan sanda.

Likitar ta maƙala mini wani ɗan abu a yatsa mai nuna yawan iskar da ke cikin jini. Ta auna hawan jinina ina kwance, ta sake aunawa ina tsaye. Ta ce in juye mata duk magungunan da ke jakata. A ciki ta tsinci wasu ƙananan ƙwayoyi farare da nake saya a kemis in sha duk lokacin da ƙirji ya riƙe, ba da sanin likita ba. Ta ce suna buɗe ƙirji da gaske, amma in an daɗe ana shan su suna cinye ƙashi da naman cinya, ta rubuta takarda in kai wa likitan ƙirji ya duba yadda za a raba ni da su a hankali.

Sannan ta ajiye kujera, ta nuna mini wani layi a ƙasa kamar taki shida daga wurin. Ta ɗaura mini ɗamara a ƙugu ta riƙe ta baya. Ta ce, “Mama, ki tashi ba tare da kin dafa ba, ki je layin can, ki juyo, ki dawo ki zauna. Zan duba agogo.” A raina na ce wasan yara, ni da na ɗauki buhun shinkafa a ka. Sai da na yunƙura sau uku kafin in bar kujerar. Da na kai layin zan juyo, ƙasa ta karkata, ɗamarar nan ce ta tare ni. Ta ce in haɗa ƙafafuna in tsaya, na tsaya. Ta ce in sa ɗaya a gaban ɗaya, dunduniya na taɓa yatsu, na yi ta rawa kamar kara a iska. Ta ce in rufe ido, na tafi jikinta. Tsayuwa da ƙafa ɗaya kuwa, ko bisimilla ban ƙarasa ba na sauke. Ta sa na miƙa hannu gaba kamar zan ɗauko abu a kan kanta, ta auna iyakar inda na kai kafin in ɗaga ƙafa. Hassi da ta fara da dariya, kafin a gama dariyar ta ɗauke.

Na ce, “Likita, ni dai huhu anka ce mini. Mi ya kai shi ƙahwa?”

Ta zauna ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce naman ciki da na baya da suke taya mutum numfashi, su ne kuma suke riƙe shi a tsaye. In numfashi ya yi wuya sai su koma can gaba ɗaya, su bar tsayuwa ba mai tsaro. Ta ce mai haki yana rage tafiya, in ya rage tafiya cinyoyi su saki, in sun saki tafiya ta ƙara wuya, haki ya ƙaru. Ga tari mai kawo jiri, ga miƙewa da sauri, ga tsoro da yake sa mutum ya sandare maimakon ya saki jiki. Ta ce shi ya sa suke tambayar duk mai irin ciwona ko yana faɗuwa, kuma wanda ya faɗi sau ɗaya ya fi kusa da sake faɗuwa in ba a yi wani abu ba. Ta ce yadda awona ya nuna, ina cikin masu hatsari sosai, amma abu ne da ake gyarawa.

Sai ta ce, “Wa yake yi miki aiki a gida?”

Hassi ta ce, “Ɗiyarta. Komi da komi. Ko buta ba ta bari ta ɗauka.”

Likitar ta ce, “Allah ya yi mata albarka. Amma ki gaya mata ta rage. Duk butar da ta ɗauko miki, taki ashirin ta hana ƙafarki.”

Ban gaya miki ba. Na kuma roƙi Hassi kada ta faɗa, ta yi ta masifa a mota har Gwandu, amma ta riƙe. Abin da likitar ta koya mini kuwa na yi shi, ban tsallake rana ba. In tashi daga kujera in zauna sau goma ba dafawa. In riƙe bango in ɗaga dunduniya. In yi tafiyar dunduniya da yatsa a gefen katanga. In zagaya tsakar gida, ina shaƙa ta hanci ina fitarwa ta baki a hankali kamar mai hura koko. In zan ɗaga abu ko in miƙe, in fitar da numfashi a lokacin, kada in riƙe shi. In tari ya zo, in tsaya cak in dafa wani abu har ya wuce. In na tashi daga kwance, in zauna bakin gado tukuna. Sati takwas ke nan. Amma duk a bayan idonki nake yi, lokacin da kike Islamiyya. Ranakun Alhamis da Juma'a da kike gida, a ɗaki nake yi ƙofa a rufe, kina zaton barci nake. Da na ji sallamarki a zaure sai in koma tabarma in langaɓe, in jira ki kawo buta.

Kin ji abin da mahaifiyarki ta yi. Ta warke rabi ta ɓoye, don kada 'yarta ta daina zama kusa da ita. Ban taɓa kawowa a raina cewa abin zai kai ki ga kwance kaya ba. Da Hassi ta fita jiya, na shiga ɗaki na yi kuka, don na ga na kusa cinye miki wahalar shekara uku saboda son zuciyata. Duk faɗuwar da na yi, a jikina ta tsaya. Wannan kuwa a kanki za ta sauka. Ki yafe mini.

Shawarar da ke cikin wannan ba ta da daɗin faɗa, amma ki riƙe ta. Wanda yake son ki ma yana iya tauye ki, ba da mugunta ba, don dai yana jin daɗin ganinki a kusa. Yau ni ce, gobe ƙawa ce ko miji. Ki riƙa duba ko taimakon da kike yi yana ƙara wa mutum ƙarfi ko yana zaunar da shi. Ke ma in Allah ya ba ki naki 'ya'yan, in kina son su zo kusa, ki kira su da baki. Ya fi sauƙi a kan abin da na yi.

Satin da ya wuce da muka ce miki mun je karɓo magani, awo aka sake yi mini. Ba zan ƙara miki gishiri ba. Na tashi daga kujera a yunƙuri ɗaya ban dafa ba. Na je layi na juyo na zauna, likitar ta ce lokacin ya ragu sosai. Ƙafa a gaban ƙafa na tsaya har ta ce ya isa. Rufe ido har yanzu ina layi, ƙafa ɗaya kuma da saura. Ta ce hatsarin ya ragu amma bai tafi ba, kuma ranar da na daina motsa jiki zai dawo. Ta ce in riƙa fita da sanda. Na ce sanda ta tsofaffi ce, ta ce karaya fa ta wa ce? Na karɓa.

Ga abin da na shirya, don ki san ba da ka nake magana ba. Ranar Asabar kafinta zai zo ya kafa mini ƙarfen dafawa a makewayi da wurin wanka, a kankare gansakukar bakin rijiya, a rage dokin ƙofar ɗakina. Silifas ɗin nan da suka cinye na jefar, na sami takalmi mai maɗauri a baya. Tabarmar bakin ƙofa da gefenta ya naɗe an ɗauke. Salla a kujera nake yin farilla duk ranar da na ji jiri, kuma jiya a gaban mata na jawo ta, ba wadda ta mutu. Hassi za ta dawo ɗakinki da zama, tun da 'ya'yanta sun watse, kuma na gaya mata in ta ɗauko mini buta sai mun ɓata. Duk wata zan je awo Birnin Kebbi, daga can zuwa Kalgo ba nisa, in kina da sarari ki zo ki same mu ki ji da kunnenki abin da likita za ta ce. A gabanki zan amsa tambayoyin, ba sai kin fita ba.

Ban yi miki alkawarin ba zan sake faɗuwa ba, wannan yana hannun Allah, kuma huhun nan ba sabo zai koma ba. Zamanki ma ba zai hana ba, kina tsaye a gabana na karye. Alkawarin da zan iya shi ne, in na faɗi, ko tangaɗi na yi, ke za ki fara ji, daga bakina, a waya, a ranar. Ba santsi, ba ƙyaure.

Na san wadda ta yi miki ƙarya sau da yawa haka ba ta da bakin cewa ki yarda da takarda. To kada ki yarda. Gobe Juma'a ba makaranta. Da hantsi, in rana ta ɗan ɗaga, zan sa kujera a tsakar gida. Ki fito da wayarki ki buɗe agogo. Zan tashi ban dafa ba, in je bakin rijiya, in juyo, in dawo in zauna. In ɗauki buta in cika ta da kaina. In kin ga na kasa, ki bar kayanki a kwance, ba zan ƙara cewa komai ba. In kin ga na iya, ki shiga ki ɗaure su, ranar Lahadi ki bi motar safe. Ba sai kin ce mini komai ba, ba sai mun haɗa ido ba. Ƙafafuna za ki kalla.

Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki shiga a sa'a ki fita a sa'a. Allah ya buɗa miki ƙirji ga karatu, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya sa ki gama ina raye ina tsaye da ƙafafuna. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake ban san abin da kika taɓa yi mini ba. Allah ya yi miki albarka.

Wassalamu alaikum.

Ni ce,
Addarki